Firistocin Faransa a Majalisar Rukuni Uku, 1789

Kafin juyin juya halin Faransa, majalisar ƙasar ta kasu rukuni uku: ma'aikatan ikkilisiya, masu sarauta, da sauran jama'a. Sarki ne kaɗai ke da ikon kiranta. Tun 1614 ba ta zauna ba, sai da bashi ya yi wa gwamnati katutu, Sarki Luwi na 16 ya tara ta a Barsai ran 5 ga Mayu, 1789.

Nan take gardama ta tashi. A tsohuwar al'ada kowane rukuni ƙuri'a ɗaya gare shi, don haka ikkilisiya da masu sarauta kan haɗa kai su rinjayi talakawa. Rukuni na uku ya ce sai dai a ƙirga ƙuri'ar kowane wakili.

Wakilan ikkilisiya kusan 300 ne, akasarinsu firistocin ƙauye masu ƙaramin abin hannu, yayin da bishop-bishop 'ya'yan masu sarauta ne. Ran 13 ga Yuni firistoci 3 suka bar rukuninsu suka koma wurin talakawa. Ran 17 ga watan, rukuni na uku ya kira kansa Majalisar Ƙasa. Bayan kwana 2 mafi yawan wakilan ikkilisiya suka amince a zauna tare.

Amma majalisar da suka taimaka wajen kafawa ta juyo kan ikkilisiya. A watan Agusta ta soke ushiri, a Nuwamba ta karɓe dukiyar ikkilisiya. A 1790 ta yi doka cewa masu zaɓe ne za su zaɓi bishop da firist, gwamnati ta biya su albashi, kuma kowannensu ya rantse zai bi tsarin. Bishop 7 kaɗai suka rantse, firistoci kuwa suka rabu kusan gida biyu. Paparoma Piyus na 6 ya yi tir da dokar a 1791. Waɗanda suka ƙi rantsuwa an kore su, an kashe wasu.

Firistocin nan sun yi daidai da suka tsaya tare da waɗanda ake zalunta. Sai dai ikkilisiyar da ta daɗe tana dogara ga gatan sarauta ba ta da abin kāre kanta da mulki ya canja hannu.

Tambaya don nazari: Ta yaya fasto zai nemi adalci wurin masu mulki ba tare da ya miƙa musu ragamar ikkilisiya ba?