Ƙota da hannu: abin da muka ƙi gani a bidiyon Baturke

A damanar 2024 na je hutu gida Bawdeta, lokacin da bidiyon wani Baturke mai suna Yusuf Dikec ya cika wayoyin samari. Kun tuna shi: dattijo mai furfura, hannu ɗaya cikin aljihu, ɗayan riƙe da ƙaramar bindiga, ya tsaya kamar mai jiran a zuba mashi shayi. Shi da abokiyar harbinsa suka ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Paris. A fadarmu aka yi ta gardama. Wani ya ce asiri ne, wani ya rantse tsohon ɗan kisa ne. Abin da kowa ya yarda da shi, har da ni, shi ne mutumin bai da kayan aiki, baiwa ce zalla.

Kuskure muka yi. Mun kalli idonsa da aljihunsa, ba wanda ya kalli itacen da ke cikin tafin hannunsa.

Ban ga laifinmu ba sosai, don a ƙasar nan bindiga ba ta taɓa zuwa mana da sunan wasa ba. A 1896 aka yi Olamfik ta farko ta zamani a Atina, har wasu Amurkawa biyu wa da ƙane, John da Sumner Paine, kowannensu ya ci gasar harbin fistol ɗaya. Shekara uku bayan haka, a watan Yuli na 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta iso yankin Tasawa bayan ta ƙona garuruwa tun daga bakin Kwara. A Ɗankori Voulet ya sa aka harbe Kanal Klobb da Faransa ta aiko ya tsayar da su, ranar 14 ga wata, kwana kaɗan kuma sojojinsu suka kashe su biyun a wajen Maijirgi. Can ana harbin takarda ana tafi, nan ana harbin kakanninmu. Ko kalmar "ƴan bindiga" da a da take nufin masu ɗura albarushi su tashi gari ranar hawan salla, yau in ka faɗe ta a bakin iyakar Madarumfa sai gaban mutane ya faɗi. To wa zai tsaya duba ƙota?

Amma ni duba ta na yi, saboda kawuna masassaƙi ne.

Ga yadda gasar take. A harbin mita 10 da bindigar iska, wanda ya shiga Olamfik a 1988, ana harba ɗan dalma mai faɗin milimita 4.5. Da'irar tsakiya mai maki goma faɗinta milimita 11.5 ne, ba ta kai farcen babban yatsa ba. Harbi 60 ake yi cikin minti 75, a tsaye, da hannu guda, ba jingina. Yanzu ku yi lissafi da ni. Tsakanin saitin baya da na gaba akwai kimanin santimita 35. In saitin gaba ya kauce da milimita ɗaya tak, kafin dalmar ta kai mita 10 kaucewar ta ninka kusan sau 29, wato kusan santimita 3. Goma ta koma bakwai ke nan, kuma a wannan matakin bakwai guda ta isa ta maida mutum gida. Milimita ɗaya fa! Bugun jijiyar hannunka ma ya isa ya jawo ta.

Shi ya sa matsalar maharbi ba ƙarfi ba ce. Matsalarsa ita ce ya riƙe bindigar sau 60, kuma riƙon na sittin ya zama daidai da na farko. In ƙotar ta yi kauri, ɗan yatsan da ke jan kunama ba zai kai sosai ba, sai ya tura bindigar gefe. In ta yi siriri, sai mutum ya matse, matsewa kuma ita ke kawo karkarwa. In kusurwarta ba ta dace da wuyan hannu ba, sai ya riƙa lanƙwasa hannun da ƙarfin tsiya, harbi ashirin ya gaji. Don haka ƙotar gasa ba sanda ba ce. Tana da kwarmi na kowane yatsa, da gurbin babban yatsa, da wani ɗan dandamali a ƙasa da gefen tafin hannu ke zama a kai, wanda ake ɗagawa ko a sauke tunda hannu na kumbura da zafi. Maharba da yawa da kansu suke zama da magagari suna goge inda ya tokare su, su cika inda ya yi rami da wani abu mai kama da ƙaro. Ƙotar na-dama ba ta yi wa bahago, ta wani ba ta yi wa wani.

Farkon al'amarin ba haka yake ba. A Atina da bindigogi masu ƙota irin ta kowa aka yi gasa, hannu ne ke bin itace. Sannu a hankali cikin ƙarni na 20 aka juya lissafin, itace ya koma bin hannu. Inda abin ya kai maƙura shi ne gasar mita 50, wadda dokarta ta sakar wa maƙera mara. Nan ƙotar takan zagaye hannun gaba ɗaya, mutum ya zura shi ciki kamar safa. Bindigar Rasha TOZ-35 da Efim Khaidurov ya ƙera, shi ma maharbi ne, ita ce ta yi suna a wannan fage. A Mosko a 1980 Aleksandr Melentyev ya ci maki 581 cikin 600, aka shekara 34 ba wanda ya wuce shi, sai a 2014 Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya ci 583 a Granada. Bayan Rio 2016 aka cire wannan gasa daga Olamfik, abin da ni dai nake ganin asara ce.

Abin da ya fi gamsar da ni cewa ƙota na ƙara maki shi ne yadda hukumar harbi ta duniya take tsoronta. Ba a kafa doka kan abin da bai da tasiri. A mita 10 an hana ƙota ta zagaye hannu, an hana ta taɓa wuyan hannu don kada ta zama tallafi. Dole bindigar ta shiga wani akwati mai milimita 420 da 200 da 50, nauyinta kada ya wuce kilo ɗaya da rabi, kunamarta kuma kada ta saki da abin da bai kai giram 500 ba. Alƙalai suna aunawa. Ƙotar Dikec ma sai da ta bi wannan layin.

Kada dai in zaƙe in ce itace ne ke harbi. Akwai Karoly Takacs, sojan Hangari, wanda gurneti ya tarwatsa mashi hannun dama a 1938, hannun da ya yi suna da shi. Ya koma ya koya wa hagu daga farko, ya ci zinariya a Landan a 1948, ya sake ci a Helsinki a 1952. Mutum ne gaba, ba musu. Amma ko shi abin da ya nema bai wuce riƙo ɗaya da zai iya maimaitawa ba.

Wannan ilimin ba baƙo ba ne a wurinmu, raina shi kawai muka yi. Shekarar da na shiga lise na yi taurin kai na sayi ƙotar fartanya a kasuwa, gogaggiya mai sheƙi, don ina ganin na kawu sun yi ƙauyanci. Kwana uku da fara noma tafin hannuna ya yi bororo har ya fashe, alƙalami ma na kasa riƙewa. Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce in miƙo hannu, ya buɗe shi, ya sa na damƙi wuyan hannunsa, sannan ya ɗauko reshen aduwa da gizago. Ya sassaƙa, ya ba ni in riƙe, ya karɓa ya rage nan, ya bar tudu can, har sau huɗu. Bai taɓa jin sunan Khaidurov ba, amma aikin ɗaya ne. Masu karatu sun ba abin dogon suna a littafin fasaha, shi kuwa kawu "ta zauna" kawai yake cewa. Ga shi cikin ƴaƴansa shida ba wanda ya yarda ya koya, mu da muka yi lakwal mu ne kan gaba wajen kiran sana'ar aikin wahala.

Kafin in koma makaranta na kai mashi hoton Baturken, na buɗa shi daidai wajen hannun. Ya daɗe yana kallo, ya matso da wayar kusa da ido, ya sa farce a gurbin babban yatsan.

Ya ce, "Ɗana, wannan shi ya sassaƙa ko sassaƙa mashi aka yi?"

Na ce, "Kawu, kamfani ke yi, sai mai ita ya gyara."

Ya ce, "Ai na gani. Tura mini hoton nan a wayar yayanka, ina son in duba wannan dandamalin na ƙasa da rana."