Rakiya Ba Tare da Makwanci Ba: Watsa Tokar Aboki a Gasar Babura ta Amurka

A shekarar 1960, gawarwakin da ake ƙonawa a Amurka ba su kai kashi 4 cikin ɗari ba. Zuwa 2016 sun haura rabi. Gidan ƙona gawa na farko a ƙasar, wanda likita Francis LeMoyne ya gina a jihar Fensilbaniya a 1876, an ɗauke shi abin al'ajabi a zamaninsa. Yau kuwa ƙonawa ta zama hanyar mafi yawan jama'a. Wannan sauyi ya haifar da tambayar da binnewa ba ta taɓa haifarwa ba. Wanda aka binne, an gama da maganar inda zai kwanta tun ranar jana'iza. Wanda aka ƙona, sai a miƙo wa iyalinsa ƙaramin akwati mai nauyin kilo 2 zuwa 3, a bar su da shawarar inda za su kai shi.

Masu hawan babur na dogon zango sun samar wa kansu amsa: su ɗauki tokar abokinsu su yi tafiya da ita, su watsa ta a hanyoyin da ya ƙaunata. Ga mai karatu Musulmi wannan abu ne mai nauyi a zuciya, domin addini ya haramta ƙona gawa, kuma ban zo yi wa ƙonawa ado ba. Hujjata ita ce al'adar tana maido wa abokai wani aiki da kamfanonin jana'iza suka karɓe daga hannunsu, wato rakiyar mamaci, amma wasu ne ke ɗaukar asarar: iyalin da aka bari ba kabarin ziyara.

Sai an san yanayin tafiyar kafin a gane abin. Gasar Iron Butt, wadda aka fara a 1984 kuma ake yi duk bayan shekara biyu, kwana 11 ce, inda mahayi kan shafe mil 11,000, fiye da kilomita 17,000. Ba tseren gudu ba ce. Ana ba kowa jerin wurare masu maki, ya tsara hanyarsa da kansa, ya isa wurin, ya ɗauki hoton tutarsa mai lamba, ya rubuta lokaci da abin da ma'aunin nisa ya nuna, ya ƙara gaba. Mafi yawan sa'o'in nan mutum shi kaɗai ne cikin hular kwano, da sanyin asuba, da zafin hamada, da barcin da bai isa ba. Waɗanda suka sha wannan wahala tare sukan san juna irin sanin da ko dangi ba su yi musu ba. Masanin al'adu Victor Turner ya yi bayanin irin wannan zumunci, wanda kan ƙullu tsakanin mutanen da suka fita daga matsayinsu na yau da kullum suka zama daidai wa daida, kamar mahajjata a hanya.

To, a cikin wannan tafiya ne mahayi kan sa 'yar kwalba a jakar da ke bisa tankin mai, daidai gaban ƙirjinsa. Abin da ke ciki ba toka ba ce irin ta murhu. Ƙashi ne da ya rage bayan wuta mai zafin digiri 800 zuwa sama, aka niƙa shi ya zama kamar tsakuwar rairayi, fari-fari mai ruwan ƙasa. In ya tsaya a bakin wani kwazazzabo, sai ya cire safar hannu, ya juya wa iska baya, domin in ya kuskure sai ta dawo masa a fuska da riga. Ya zuba kaɗan, ya rufe, ya tada babur, saboda agogo bai tsaya ba. Wani lokaci kwalbar kan bi hannu-hannu, wannan ya kai ta zango guda, wancan ya karɓa. Duk wanda ya taɓa sa kafaɗa a makara, ya ɗan taka da ita, ya matsa wa na baya, ya san abin da ake nema a nan.

Tun 1963 Jessica Mitford ta nuna a littafinta The American Way of Death yadda jana'iza a Amurka ta koma ciniki: ma'aikata ne ke wanka, su ke shiryawa, mota ke ɗauka, masoya kuwa 'yan kallo. Robert Hertz, ɗalibin masanin zamantakewa Durkheim, ya riga ya nuna a 1907, daga nazarin binnewa sau biyu a wajen Dayak na tsibirin Borniyo, cewa a idon al'umma mutuwa ba ta kammala a rana ɗaya; masu makoki suna bukatar lokaci da aikin hannu kafin su sallami nasu. Kwana 11 a kan hanya lokaci ne, ɗaukar kwalbar kuma aiki ne. Ta wannan fuska ina ganin mahayan sun fi kamfanin jana'iza fahimtar makoki.

Inda na rabu da su shi ne batun wuri. Cocin Katolika ta halatta ƙonawa a 1963, amma a 2016 ta hana watsa toka a iska ko ƙasa ko ruwa, ta ce a ajiye ta a keɓaɓɓen wuri, kuma cikin dalilanta har da gudun kada a manta da mamaci idan tsararsa ta shuɗe. Jamus ma, bisa dokokin jihohinta, ta daɗe tana wajabta kai toka makabarta, kodayake jihar Biremen ta sassauta a 2015. Ko mutum bai yarda da waɗannan hukumomi ba, damuwarsu gaskiya ce. Hanyar da aka watsa tokar taswira ce da mahaya kaɗai ke iya karantawa. Matar mamacin da ba ta hawa babur, da mahaifiyarsa tsohuwa, da jikan da ba a haifa ba tukuna, ba su da rabo a wani lanƙwasa na titi mai nisan mil 2,000 daga gida. Wasiyyar mamaci tana da ƙarfi, amma shi ba zai yi kewar kabari ba. Su za su yi.

Mahayan da kansu ba su tsira daga wannan bukata ba. Sukan ɗauki hoton wurin, su ajiye lambobinsa a na'urar nuna hanya, su koma bayan shekara su tsaya. Ke nan sun haƙa kabari a zuci a inda doka ba ta ba su ƙasa ba. A yawancin gandayen dajin gwamnatin tarayyar Amurka sai da izini ake watsa toka, kuma ba a barin allo ko wata alama. A teku kuwa sai an yi nisan mil 3 na ruwa daga gaɓa, sannan a sanar da hukumar kare muhalli cikin kwana 30. Hoto da lambobin da ke cikin na'urar mahayi su ne kaɗai shaidar wurin, kuma suna hannun abokai, ba hannun magada ba.