Damben zamani: nasarorin da suka fi girma a tarihin zakarun ajin masu nauyi

A damben zamani, ajin masu nauyi shi ne na mazajen da suka haura kilo 90 da ƴan kai, kuma duk wanda ya riƙe kambunsa shi jama'a ke kira zakaran duniya, ba sai an ƙara bayani ba. Ana yin wasan turmi-turmi, kowane turmi minti 3, da hutun minti 1 a tsakani. Har zuwa shekarun 1980 wasan kambu turmi 15 ne, daga baya aka rage shi zuwa 12. A damben gargajiya, da zarar ka kai ƙasa an yi kisa. A nan kuwa alƙali zai ƙirga maka har goma, in ka miƙe a ci gaba. In aka ƙare babu wanda aka buge, makin alƙalai uku ke raba gardama.

Tambayar da ke yawan tasowa a fada idan hira ta kai kan dambe ita ce wace nasara ta fi kowace girma. Sunan wanda aka doke kaɗai ba ya amsa ta. Rocky Marciano ya buge Joe Louis a 1951, amma Louis yana da shekara 37, bashin haraji ne ya fito da shi daga ritaya. Larry Holmes ya jibgi Muhammad Ali a 1980, Ali yana da shekara 38, jikinsa ya riga ya fara gazawa. Lennox Lewis ma ya kayar da Mike Tyson a 2002, bayan kaifinsa ya daɗe da dushewa. Manyan sunaye ne, nasarorin kuwa ba su kai sunayen ba. Abin dubawa shi ne ƙarfin wanda aka doke a wannan daren, da yawan waɗanda suka yarda za a iya doke shi. Da wannan mudu aka auna jerin da ke biye.

Na ɗaya: Ali da Foreman, Kinshasa, 30 ga Oktoba 1974

George Foreman ya isa Zayar yana da shekara 25, ya yi wasa 40 bai taɓa faɗuwa ba, 37 daga ciki bai bari sun kai ga maki ba. Mutum biyu ne kawai suka taɓa doke Ali a lokacin, Joe Frazier da Ken Norton, kuma dukansu Foreman ya gama da su a turmi na biyu. Ali yana da shekara 32, ƙafafun da ya yi suna da su sun yi nauyi. Wasu daga cikin masoyansa fargabar da suke yi ta lafiyarsa ce, ba ta kambu ba.

Shugaba Mobutu ne ya karɓi baƙuncin wasan, Don King ya haɗa shi, aka yi wa kowane ɗan dambe alƙawarin dala miliyon 5. Da farko a Satumba za a yi, sai Foreman ya tsage a saman ido wajen atisaye, aka ɗaga da makonni biyar. Ali ya yi amfani da wannan jinkiri ya shiga cikin mutanen Kinshasa har suka zama nasa. An fara wasan da ƙarfe 4 na asuba a filin 20 ga Mayu, wanda yau ake kira Tata Raphaël, domin ya dace da daren masu kallo a Amurka.

Kowa ya zaci Ali zai yi ta zagaye fage yana gudun naushi. A turmin farko ya yi ta aika wa Foreman dama kai tsaye, abin da ake ɗauka raini ne ga zakara. Daga turmi na biyu ya jingina da igiya, ya rufe fuska da hannuwa, ya bar Foreman yana dukan haƙarƙari da damatsa, yana riƙe masa wuya, yana raɗa masa baƙar magana a kunne. Masu horar da shi suna ihu ya bar igiyar, ya ƙi. Foreman bai saba doguwar tafiya ba, zafi da gumi suka cinye shi. Saura daƙiƙu kaɗan a ƙare turmi na takwas Ali ya fito daga kusurwa da jerin naushi, na ƙarshe dama ce, Foreman ya juya ya faɗi, alƙali Zack Clayton ya ƙirga ya tashi wasa. Foreman ya daɗe yana ƙorafin an sassauta igiyoyin da gangan, mai horar da Ali, Angelo Dundee, ya musanta. Ko ma yaya ne, shekara bakwai bayan an ƙwace masa kambu saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, Ali ya karɓe shi daga hannun mutumin da kowa ke tsoro. Ba wata nasara da ta cika ma'aunin nan kamar wannan.

Na biyu: Frazier da Ali, New York, 8 ga Maris 1971

Karon farko ke nan da zakaru biyu da ba a taɓa dokewa ba suka haɗu a wannan aji, kowa da dala miliyon 2 da rabi. Frazier gajere ne, ba ya ja da baya, makaminsa bahago. Ya girgiza Ali a turmi na 11, ya kai shi ƙasa a na 15, alƙalai uku duka suka ba shi. Masu son Ali kan ce hutun dole na shekara uku da rabi ne ya cuce shi, tunda wasa biyu kacal ya yi kafin wannan. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai Ali na 1971 yana da shekara 29, kuma shi ne dai wanda ya je Kinshasa bayan shekara uku ya yi abin da ya yi. Don haka Frazier ya doke Ali da sauran ƙarfinsa, ya biya da kwanaki a asibiti. A ganina ana tauye wa Frazier haƙƙi saboda ya faɗi a sauran karawa biyun, har da ta Manila a 1975, inda mai horar da shi Eddie Futch ya hana shi fita turmi na 15.

Af, Frazier ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, Foreman a ta Mexico a 1968, kuma a duka biyun akwai ɗan damben Nijar Issaka Daboré, wanda ya kawo wa ƙasa lambar tagulla daga Munich a 1972.

Na uku: Louis da Schmeling, 22 ga Yuni 1938

Minti 2 da daƙiƙa 4 wasan ya ɗauka. Bajamushe Max Schmeling shi kaɗai ne ya taɓa doke Joe Louis, a turmi na 12 a 1936, gwamnatin Hitler kuma ta mayar da wannan nasara hujjar fifikon farar fata. A karo na biyu, gaban mutum kusan dubu 70 a filin Yankee, Louis ya kayar da shi sau uku, ya karya masa wasu ƙasusuwan baya. Baƙar fata ne da Amurka ke hana shi cin abinci a wasu gidajen cin abincinta, amma a daren shi ne wakilinta. Louis ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Shi kuwa Schmeling bai taɓa shiga jam'iyyar Nazi ba, daga baya suka yi abota da Louis, har ya taimaka masa da kuɗi.

Na huɗu da na biyar: wasannin da ƴan caca suka sha ƙasa

A ranar 25 ga Fabrairu 1964 a Miami, Cassius Clay mai shekara 22 ya sa Sonny Liston ya ƙi tashi daga kujera zuwa turmi na bakwai, duk da Clay ya yi turmi na biyar idonsa na yaji, da ƙyar yake gani. Liston ya buge Floyd Patterson sau biyu a turmin farko, kusan duk ƴan jarida shi suka ba wa. Ya ce kafaɗa ce ta hana shi ci gaba. Alaƙarsa da ƴan daba masu kuɗi ta sa har yau wasu na zargin wasan, shi ya sa bai hau sama da nan ba. Kwanaki kaɗan bayan haka Clay ya koma Muhammad Ali.

Buster Douglas kuwa 42 da 1 aka saka a kansa lokacin da ya tari Tyson a Tokyo ranar 11 ga Fabrairu 1990, kwana 23 bayan rasuwar mahaifiyarsa. Tyson ya yi wasa 37 bai faɗi ba. Douglas ya fi shi tsawo, ya yi ta tsare shi da hagu har idon Tyson ya kumbura, mutanensa kuma ba su zo da ƙarfen danne kumburi ba, sai safar roba suka cika da ruwan ƙanƙara. Tyson ya kayar da shi a turmi na takwas, ya tashi, ya gama da Tyson a na goma. Abin da ya rage wa nasarar daraja shi ne Tyson bai shirya ba, Douglas ɗin ma wata takwas kawai ya riƙe kambun, Evander Holyfield ya karɓe a turmi na uku.

Waɗanda suka kusa shiga

Foreman yana da biyu. A Kingston ta Jamaika, ranar 22 ga Janairu 1973, ya kayar da Frazier sau shida cikin turmi biyu, kuma da wani ya sa wannan a na uku ba zan yi musu da shi sosai ba. Sannan a Nuwamba 1994, yana da shekara 45, ana gaba da shi a maki, ya buge Michael Moorer mai shekara 26 da dama ɗaya a turmi na goma, shekara 20 bayan Kinshasa. Har ya rasu a Maris 2025 ba a samu zakaran wannan aji da ya girme shi ba.

Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya riƙe kambun a 1908, ya doke Jim Jeffries a Reno ranar 4 ga Yuli 1910, aka yi tarzomar ƙabilanci a biranen Amurka har da asarar rayuka. A tarihi babbar rana ce, amma Jeffries ya shekara shida bai yi wasa ba. Marciano, wanda ya yi ritaya da wasa 49 ba faɗuwa, mafi kyawun darensa shi ne na Jersey Joe Walcott a 1952: an kayar da shi a turmin farko, ana gaba da shi a maki, ya ƙare wasan da dama ɗaya a turmi na 13.

Matasa za su tambayi Tyson. Ya zama zakara yana da shekara 20 a 1986, babu wanda ya yi haka da ƙarancin shekaru. Babbar nasararsa ita ce daƙiƙa 91 da ya yi da Michael Spinks a Yuni 1988. Spinks bai taɓa faɗuwa ba, ya doke Holmes sau biyu, amma daga ƙaramin aji ya hauro. Manyan tsararrakin Tyson biyu, Holyfield da Lewis, ya haɗu da su sau uku, bai ci ko ɗaya ba.