Shan kaye da gangan a gasar NBA

Shan kaye da gangan dabara ce ta sake gina ƙungiya a gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, inda ƙungiyoyin da suka ƙare a baya ke samun fifiko wajen zaɓen sabbin 'yan wasa kowace shekara. Daga 2013, shugaban gudanarwar Philadelphia 76ers, Sam Hinkie, ya rabu da gogaggun 'yan wasa, har ƙungiyar ta ci wasa 10 kacal cikin 82 a kakar 2015-16. Ta haka ta samu Joel Embiid ɗan Kamaru a 2014 da Ben Simmons a 2016. Domin daƙile dabarar, daga 2019 NBA ta rage damar ƙungiyar ƙarshe ta samun zaɓin farko daga kashi 25 zuwa 14 cikin ɗari.