Tarihin Wasan Yaƙi da 'Yan Sojojin Dalma

Gabatarwa

Idan mutum ya leƙa wani zaure a Ingila ko Jamus ko Amurka ran Asabar, ya tarar da magidanta, wasu har da furfura, sun kewaye wani faffaɗan tebur da aka jera wa 'yan tsaunuka da itatuwa da gidaje na kwali, ga kuma ɗaruruwan 'yan sojoji waɗanda tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba, kowa yana riƙe da tef ɗin awo yana auna tafiyarsu, ba mamaki ya ce waɗannan ƙuruciya ce ta dawo musu. Amma wannan wasa ya haura shekara 200 a duniya, kuma a fadar sarki da barikin soja ya tashi kafin ya shiga gidajen jama'a. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce mu bi sawunsa tun daga tushe, mu kuma duba wani abu guda da tarihinsa ya yi ta maimaitawa, watau amfanin wasan yana rataye ne ga yardar mai yin sa a ci shi da yaƙi.

Asalinsa a ƙasar Jamus

Tushen wasan shi ne darar nan ta ces, wadda ita kanta siffar yaƙi ce, da sarki da dawaki da dakaru. A shekarar 1780 wani malamin lissafi a birnin Braunschweig, mai suna Johann Hellwig, ya ga ces ta yi wa yaƙi kaɗan. Saboda haka sai ya faɗaɗa allon ya kai gida fiye da 1,600, ya shafa wa gidajen launi dabam-dabam don su nuna dutse da kogi da daji, ya kuma shigo da igwa. Nufinsa shi ne ya koya wa 'ya'yan manya da ke hidima a fada dabarun soja. To amma har yanzu dara ce, domin kuwa kogi ba ya gudu gida-gida, haka ma runduna.

A shekarar 1806 Napoleon na Faransa ya yi wa sojojin Furushiya, ɗaya daga manyan daulolin Jamus a wancan zamani, kaca-kaca a Jena. Wannan kunya ta sa masu mulkin ƙasar suka shiga neman hanyar gyara sojansu. Cikin wannan hali ne wani bafade, Georg Leopold von Reisswitz, ya watsar da gidajen dara, ya gina fili da rairayi, ana auna tafiyar runduna da ma'auni. A 1812 ya kai wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku gaisuwar wani tebur mai aljihuna, cike da gutsattsarin fili da za a iya harhaɗawa yadda aka ga dama.

Ɗansa ne, wanda shi ma Georg von Reisswitz ake ce da shi, laftana a rundunar igwa, ya mai da abin kayan aiki a 1824. Ya sa taswira ta gaskiya a madadin tebur, da 'yan gutsayen dalma, ja da shuɗi, a madadin rundunoni. Kowane zagaye na wasan daidai yake da minti biyu a fagen fama. Ya shigo da ƙwaya mai fuska shida, irin ta ludo, don ta wakilci sa'a da rashinta, tun da harsashi ba kullum yake samun abin da aka auna ba. Babban abin da ke cikin tsarinsa kuwa shi ne alƙalin wasa. Ɓangarorin biyu ba sa taɓa kaya da hannunsu, sai dai kowa ya rubuta umarni ya miƙa wa alƙali, shi kuwa ya motsa rundunoni, ya gaya wa kowa iyakar abin da idon sojansa zai iya hangowa. Ta haka hafsa yake ɗanɗana abin da ya fi wahala a yaƙi, watau yanke shawara alhali bai san inda abokin gaba yake ba.

Da aka gwada wasan a gaban Janar Karl von Müffling, hafsan hafsoshin ƙasar, sai ya ce ai wannan horon yaƙi ne sosai, aka ba da umarni kowace runduna ta mallaki kayansa. Sunansa a Jamusanci Kriegsspiel, watau wasan yaƙi. Shi dai Reisswitz ƙarami bai ci moriyar aikinsa ba. Aka tura shi can Torgau, nesa da Barlin, inda baƙin ciki ya kai shi ga kashe kansa a 1827.

Helmuth von Moltke, wanda ya zama hafsan hafsoshi a 1857, yana daga masu sha'awar wasan tun yana ƙaramin hafsa. A ƙarƙashinsa Furushiya ta ci Ostiriya a 1866, ta kuma ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871. Nasarorin nan suna da dalilai da yawa, kamar jirgin ƙasa da tsarin tara sojoji, amma sauran ƙasashe sun ɗauka wasan yana ciki. A 1872 Kyaftin Evelyn Baring, wanda daga baya ya mulki Masar da sunan Lord Cromer, ya shirya wa sojan Ingila dokokinsa da Turanci.

Yadda ya shiga gidaje

Ana cikin haka, wata sana'a dabam tana bunƙasa, watau ƙera 'yan sojoji don wasan yara. Tun ƙarni na 18 maƙeran birnin Nuremberg suke zuba su da kuza, falle-falle kamar kwabo. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fito da dabarar zuba dalma a bar cikin holoƙo, abin da ya rage nauyi da tsada, har mai matsakaicin ƙarfi yana iya sayen akwati guda. Marubucin nan Robert Louis Stevenson, lokacin da yake jinya a Davos ta ƙasar Suwizalan a farkon shekarun 1880, ya yi ta gwabza yaƙin 'yan sojoji da agolansa a saman bene, amma bai buga dokokinsa ba.

Wanda ya buɗe wa jama'a ƙofa shi ne H. G. Wells, mashahurin marubucin Ingila, da littafinsa Little Wars na 1913. Ya ce abin ya samo asali ne ran da abokinsa Jerome K. Jerome ya zo cin abinci, ya ɗauki wata 'yar igwa ta yara mai sifirin ya shiga harbin 'yan sojoji. Dokokin Wells masu sauƙi ne ƙwarai. Sojan ƙasa yana tafiyar ƙafa ɗaya a zagaye, mahayi ƙafa biyu, ana aunawa da igiya. Igwa ba ta harbi sai da mutum huɗu kusa da ita, tana kuma harba ɗan guntun itace ne, wanda ya faɗi ya mutu. Kafin a fara akan ja labule a tsakiyar ɗaki don kada wani ya ga shirin wani.

Wells mai ƙyamar yaƙi ne, kuma a ƙarshen littafin ya bayyana burinsa. A ganinsa duk wanda ya yi wannan wasa 'yan lokuta, ya ga yadda shiri mai kyau yake wargajewa a banza, zai gane cewa yaƙin gaske ya fi ƙarfin hankalin masu ba da umarninsa. Ya so a tara sarakuna da masu hura wutar gaba a ɗaki ɗaya, a ba su sojojin dalma su huce a kansu. Masu iya magana sun ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, amma ba a saurare shi ba. Shekara ɗaya tak bayan fitowar littafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, kuma ran 1 ga Yuli 1916 kaɗai, a bakin kogin Somme, sojan Ingila fiye da 19,000 suka mutu. Shi kansa Wells ya goyi bayan yaƙin a 1914, yana zaton shi ne zai zama na ƙarshe.

Tebur biyu a shekarar 1942

Yaƙin Duniya na Biyu ya ba mu misali biyu da suka cancanci a jera su. A watan Mayu 1942 manyan hafsoshin ruwa na Japan suka taru a cikin jirgin Yamato don su gwada shirinsu na kai wa tsibirin Midway hari. Kamar yadda Mitsuo Fuchida, ɗaya daga hafsoshin jiragen samansu, ya ba da labari bayan yaƙi, ƙwaya ta nuna cewa bama-baman Amurka tara sun sami jiragen Japan masu dakon jiragen sama, biyu sun nutse, Akagi da Kaga. Sai Admiral Matome Ugaki, wanda ke shugabancin zaman, ya soke hukuncin alƙali ya mai da tara uku, Akagi ya tsira. Can gaba kuma aka tayar da Kaga daga ƙarƙashin teku ya ci gaba da yaƙi. A watan Yuni aka yi karon gaske, Japan ta yi asarar irin waɗannan jirage har huɗu, da Akagi da Kaga a ciki, ba kuwa wanda ya iya tsamo su.

A farkon wannan shekara, a birnin Liverpool, sojan ruwan Ingila suka ɗora wa Kyaftin Gilbert Roberts aikin gano yadda jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suke hallaka ayarin jiragen da ke kawo abinci da makamai. Ma'aikatansa yawancinsu 'yan mata ne na rundunar ruwa. Suka zana teku da alli a daɓen ɗaki, suka jera 'yan jirage na katako, kyaftin-kyaftin da suka zo horo kuwa suna tsaye bayan labule suna leƙe ta 'yar kafa. Da wannan wasa suka gane cewa abokan gaba suna saɗaɗowa ne da dare su shiga tsakiyar ayari kafin su yi harbi, suka kuma tsara yadda za a tare su. Admiral Max Horton, gwanin jirgin ƙarƙashin teku tun Yaƙin Farko, ya zo ya gwada da kansa, wata yarinya daga cikinsu ta yi ta nutsar da jirginsa. Abin bai yi masa daɗi ba, amma ya karɓi dabarar ya sa a yi aiki da ita. Kafin ƙarshen yaƙi hafsoshi wajen 5,000 sun ratsa ta wannan ɗaki.

Kayan aikin kusan iri ɗaya ne a wuraren biyu. Abin da ya bambanta su shi ne halin babban da ke tsaye a kan wasan.

Bayan yaƙi

Da ƙura ta lafa, wasan ya sake komawa hannun farar hula. A Amurka Jack Scruby ya shiga zuba 'yan sojoji masu araha, ya kuma fara buga mujallar War Game Digest a 1957, wadda ta haɗa kan masu sha'awa da a da kowa yake zaton shi kaɗai ne. A Southampton ta Ingila Donald Featherstone, tsohon sojan tanka wanda ya ga yaƙi da idonsa, ya wallafa War Games a 1962. A wannan zamani ne kuma kamfanin Airfix ya cika kantuna da 'yan sojojin roba da ɗan makaranta zai iya saye. An daina harbi da 'yar igwa, domin mutumin da ya kwana yana yi wa sojansa fenti ba zai so a fasa shi ba. Ƙwaya da jadawalin lissafi suka maye gurbinta. Masu wasan suka zama masu binciken tarihi, suna tono launin rigar kowace runduna da nisan harbin kowace bindiga, suna sake buga yaƙin Waterloo ko na Omdurman.

A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, dokokin yaƙin zamanin sulke, suka ƙara masa babi na dodanni da matsafa. Daga nan ne Gygax da Dave Arneson suka haifar da Dungeons & Dragons a 1974, inda kowane ɗan wasa yake riƙe da mutum guda, aka kuma dawo da alƙalin Reisswitz a matsayin mai jan labari. A Landan aka kafa Games Workshop a 1975, ya fito da Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987. Kamfanin, wanda hedikwatarsa take Nottingham, ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan a watan Disamba 2024.

Kammalawa

Burin Wells na cewa wasa zai maye gurbin yaƙi bai cika ba, kuma akwai masu sukar abin har yau, suna cewa bai kamata a mai da zubar da jini abin nishaɗi ba, tun da sojan dalma ba ya barin marayu. Wannan suka tana da ƙarfi, musamman ga wanda kakanninsa ne aka harbe a fagen da ake kwaikwayo. Duk da haka akwai abin da za mu ɗauka. Mafi yawan masu wasan a yau ba su da alƙali, mutum biyu ne da tef da ƙwaya, kuma wanda ya saba ƙara rabin inci a awo ba ya daɗewa sai ya rasa abokin wasa. Mu ɗalibai da malamai, da waɗanda gobe za su riƙe ma'aikatu da ofisoshi, kowannenmu zai tsara wani shiri ya kawo a gwada. Ranar da gwaji ya nuna shirin yana da ɓaraka, sai mu tuna da Ugaki da Horton, mu san wanda za mu bi a cikinsu. Allah ya ba mu ikon karɓar gyara tun abin yana kan tebur, amin.