Kaki Uku a Rubutu Ɗaya

A wannan mako za mu tsaya kan kalmar kaki, wadda muke rubutawa iri ɗaya alhali abu uku take nufi: kakin zuma, kakin soja, da kakin da mai tari ke tofarwa. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka aikin rarrabewa yana wuyan marubuci.

Kakin zuma daɗaɗɗe ne. Idan an matse zuma daga saƙarta, sai a narka abin da ya rage, ya daskare. Da shi baduku ke goge zare don ya yi ƙarfi. Maƙera kuwa sukan siffanta abu da kaki, su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa har kakin ya tsiyaye, sannan su zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Haka aka ƙera shahararrun kawunan Ife da Benin.

Kakin soja baƙo ne. Asalinsa kalmar Farisanci ce mai nufin ƙura. Sojojin Ingila sun ɗauko ta a Indiya, ta iso mana da mulkin Turawan da suka ci Sakkwato a 1903. Yau in mun ce "masu kaki", kowa ya san da wa muke.

Akwai kuma inda kakin zuma ya ɓuya. Atamfar da ake zubawa a lefe a Unguwar Rogo, jikar rinin batik ce ta tsibirin Java, inda ake zana yadi da narkakken kaki don kada rini ya kama wurin. Turawan Holan suka mayar da aikin na inji. Kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a Helmond a 1846, shi ke buga Super-Wax. Da sunan ya shiga bakin iyayenmu mata, sai suka riƙe "sufa", suka yar da rabin da ke nufin kaki.

Yaran da suka tashi da kyandir ɗin kanti da zaren roba, kakin soja kawai suka sani. Idan muka rubuta "ya shafa kaki" babu bayani, mun bar su a duhu. Mu riƙa haɗa shi da abokin tafiyarsa: kakin zuma, wandon kaki. A ƙasa, kowa ya kawo jimla ɗaya da kakin zuma a cikinta, mu gyara tare.