Tsibirin Makwari: Tarihin Baƙinsa

Makwari wani tsibiri ne siriri da ke can ƙuryar kudancin tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,500 kudu maso gabas da Tasmaniya, kusan rabin tafiya tsakanin Niyu Zilan da nahiyar ƙanƙara ta Antatika. Tsawonsa kilomita 34 ne, faɗinsa kuwa ko a inda ya fi faɗi bai wuce biyar da ɗoriya ba, kuma hukuncinsa yana hannun jihar Tasmaniya ta ƙasar Ostareliya. Babu itace ko guda a bisansa, sai tsayayyar ciyawa da gansakuka da wasu tsirrai masu faffaɗan ganye. Ruwa ko yayyafi ko ƙanƙara na sauka a cikinsa sama da kwana 300 a shekara, iskar yamma kuwa da wuya ta kwanta. Tun da ba a san wata al'umma da ta taɓa riƙon wurin a matsayin ƙasar haihuwa ba, tarihinsa duka tarihin baƙi ne, da abin da suka zo nema, da abin da suka bari a baya.

Amma kafin a zo ga Bani Adama ya kamata a fara da asalin ƙasar kanta, domin ita ce ta fi ɗaukar hankalin ma'abota ilmi. Galibin tsibiran da ke tsakiyar teku, ko dai duwatsu ne masu aman wuta da suka toho daga ƙasa, ko kuwa gutsattsarin wata nahiya ne da suka rabu da uwarsu. Makwari bai shiga ko ɗaya daga cikin biyun ba. Shi ɓawon ƙarƙashin teku ne kansa, wanda ya daskare shekaru wajen miliyan goma da suka shuɗe, sa'an nan, saboda yana zaune daidai kan iyakar da manyan sassan ɓawon duniya biyu suke gogayya, wato sashen Ostareliya da na Fasifik, aka yi ta matsa shi ana tura shi sama sannu a hankali, har ƙoƙonsa ya ɓullo bisa ruwa kimanin shekaru 600,000 baya. Saboda haka mai tafiya a gaɓarsa yana taka duwatsun da mazauninsu na asali yake kilomita shida ƙarƙashin gindin teku, yana kuma ganin narkakken dutsen da ya fito cikin ruwan sanyi ya dunƙule kamar jerin matasan kai, abin da a wani wuri sai an haƙa rami mai tsada ko an nitsa da na'ura kafin a gani. Matsin bai ƙare ba har yau, shi ya sa girgizar ƙasa ta zama abokiyar zaman tsibirin: an yi wata mai ƙarfin sama da maki 8 a yankin a cikin 1989, aka sake yin irinta ran 23 ga Disamba 2004, kwana uku kacal kafin babbar ambaliyar tekun Indiya.

Baƙon farko da tarihi ya tabbatar shi ne Frederick Hasselborough, wani kyaftin daga Sidni, wanda ya yi kiciɓis da tsibirin ran 11 ga Yuli 1810 a cikin jirginsa Perseverance, ya kuwa raɗa masa sunan Lachlan Macquarie, gwamnan da ke mulkin Sidni a lokacin. Abin da ya fito nema shi ne sil mai gashi, wata dabbar teku mai shayarwa da ta ɗan yi kama da ayu, wadda fatarta take da daraja a kasuwannin Landan da Sin. Ya so ya ɓoye wurin, amma asiri irin wannan ba ya kwana a tashar jirage, shi kansa kuma bai ci amfaninsa ba, gama kafin shekarar ta fita ya nitse a ruwan tsibirin Kambel. Waɗanda suka biyo sawunsa sun kwashe fatu sama da 100,000 a cikin shekaru biyun farko, cikin shekara goma kuwa suka ƙarar da dabbar ƙaƙaf, ta yadda da Bellingshausen, jagoran jiragen binciken Rasha, ya yada zango a nan a cikin 1820, sai ya tarar mafarautan sun riga sun juya kan giwar teku. Wannan ita ce mafi girman dangin sil, namijinta yana kai tan uku, yana da hanci mai kumbura kamar ɗan guntun hannun giwa. Kitsenta ake yankawa a narke a manyan tukwane, a ɗura man a ganguna don fitilu da injuna.

Rayuwar waɗannan mutane ba abin sha'awa ba ce ko kaɗan. Akan sauke su da gari da gishiri a bar su watanni, wani lokaci fiye da shekara, suna kwana a bukkokin ciyawa, suna ƙona kitse a madadin itace, suna dafa wani ganye da suka kira kabejin Makwari don tsare kansu daga ciwon da ke kumbura dasashi. Tsibirin ba shi da mashigi mai lafiya, saboda haka jirage da dama sun farfashe a gaɓarsa, wasu kuma sun tashi daga gare shi ba a sake jin ɗuriyarsu ba, kamar Kakanui a cikin 1891.

Da giwayen teku suka yi ƙaranci sai ido ya koma kan fengwin, tsuntsun nan mai tafiya a tsaye, wanda ba ya tashi sama amma ya gwanance da iyo. Mutumin da sunansa ya manne da wannan fasali shi ne Joseph Hatch, ɗan kasuwa kuma ɗan siyasa daga garin Invercargill na Niyu Zilan, wanda tun daga wajen 1890 ya kafa manyan tukwanen ƙarfe masu aiki da tururi, ana tura tsuntsaye ciki dubu bayan dubu, alhali abin da ake samu daga kowane guda bai wuce rabin lita na mai ba. Lissafin kaɗai ya isa ya nuna girman ɓarnar. Hatch mutum ne mai kaifin harshe, ya kuma yi ta yawo yana lacca yana kare sana'arsa, amma ra'ayin jama'a ya juya masa baya, har gwamnatin Tasmaniya ta soke izininsa a cikin 1920.

Babban dalilin wannan juyi shi ne zuwan wani irin baƙo dabam. A cikin Disamba 1911 Douglas Mawson, masanin duwatsu da ke jagorantar ayarin Ostareliya zuwa Antatika, ya sauke mutum biyar a arewacin tsibirin ƙarƙashin George Ainsworth, suka kafa turakun wayar iska a kan wani tudu, wanda ta hanyarsa ne aka fara isar da saƙo tsakanin Antatika da sauran duniya. Sun zauna shekara biyu suna auna iska da ruwan sama, suna tattara tsirrai da tsuntsaye, ɗayansu kuma, Leslie Blake, ya bi tsibirin da ƙafa ya zana taswirar da aka daɗe ana dogara da ita. Mawson ya ga tukwanen Hatch da idonsa, bai kuwa yi shiru ba sai da aka ayyana wurin a matsayin hurumin namun daji a cikin 1933. A cikin Maris 1948 Ostareliya ta buɗe tashar bincike ta dindindin a kan ɗan siririn wuyan ƙasa da ke arewa, tana nan kuma har yau. A cikin 1997 hukumar UNESCO ta sa tsibirin a jerin wuraren gadon duniya, hujjarta ta farko kuwa duwatsun ne.

Sai dai hana farauta bai kawar da fitinar ba, domin mafarauta sun bar wakilai. Kyanwoyi sun shigo tun kafin 1820. Ɓeraye manya da ƙanana sun sauko daga jirage. An kawo weka, wani tsuntsu marar tashi mai kama da kaza, aka kuma saki zomaye wajen 1878 don a sami nama. Tsiryar tsibirin, wadda babu irinta a ko'ina, ta jure wa kyanwa shekaru da dama, amma da zomo ya yawaita kyanwoyi suka sami abinci suka hayayyafa, sai ta ƙare wajen 1891. Abin da ya biyo baya darasi ne da masana ke yawan kawowa, gama kowane magani sai ya haifi sabuwar cuta. An saki wata cutar zomaye a cikin 1978, adadinsu ya faɗi daga sama da 100,000 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar. Kyanwoyi da suka rasa zomo sai suka afka wa tsuntsayen teku masu ƙwai a rami. Aka bi kyanwoyin aka kashe ta ƙarshe a cikin 2000. Sa'an nan zomaye, da yake babu mai cinsu kuma ƙarfin cutar ya ragu, suka koma yawansu na da, suka aske gangaren tuddai har ƙasa ta riƙa zaftarewa, wata zaftarewar ma ta binne fengwin a mashigin Lusitania a cikin 2006. Akwai saɓani tsakanin masana game da wanne ya fi laifi, kawar da kyanwa ko raunin cutar, mai yiwuwa kuma duka biyun ne.

A nan ne gwamnatin tarayya da ta Tasmaniya suka yi shawarar a gama da zomo da ɓera a lokaci guda, suka ware wajen dalar Ostareliya miliyan 25. Yunƙurin 2010 ya ci tura saboda hazo da iska sun hana jirage masu saukar ungulu tashi. A cikin 2011 aka fara sakin wata cutar zomo dabam, aka watsa guba daga sama a kan tsibirin baki ɗaya, sa'an nan maharba da karnukan da aka horar su bi zomo su ƙyale tsuntsu suka shiga suna bin kwari da tudu, dare da rana, kusan shekara uku. Aikin bai rasa asara ba, don tsuntsaye masu cin mushe sun mutu da yawa saboda gubar. A cikin Afrilu 2014 aka ba da sanarwar cewa babu sauran zomo ko ɓera, ciyawa ta fara rufe tuddai, wasu tsuntsayen da suka daɗe da ƙaura suka dawo suna ƙwai.

Baƙon yau ba ya isa sai ta ruwa, tun da babu filin jirgin sama. Ma'aikatan tashar, waɗanda a bakinsu sunan wurin Macca ne, sukan taso daga Hobat ta Tasmaniya su yi kwana uku ko fiye a teku. Masu yawon buɗe ido kuwa galibi daga kudancin Niyu Zilan suke tasowa lokacin bazarar can, tsakanin Nuwamba da Maris, da izinin hukumar gandun dajin Tasmaniya, wadda ta ƙayyade yawansu da wuraren da za su taka. Kafin kowa ya shiga ƙaramin kwalekwalen roba sai an wanke takalmansa da magani, an zazzage aljihunsa da na'urar zuƙe ƙura, kada ƙwayar iri ɗaya ta bi shi. Sau da yawa ma igiyar ruwa takan hana sauka, a juya bayan doguwar tafiya ba a taɓa ƙasa ba. Wanda ya yi sa'a yakan sauka a mashigin Sandy, inda fengwin mai tukku ruwan ɗorawa, wanda dubban ɗaruruwansa ke hayayyafa a wannan yanki kaɗai, yake ratsawa tsakanin giwayen teku da ke kwance suna gurnani. A mashigin Lusitania kuwa ba a sauka, sai dai a hanga daga ruwa: tukwanen Hatch suna nan tsaye sun yi tsatsa, manyan fengwin kuma sun cika gaɓar sun kewaye su, suna kwanci a gindinsu.